Ƙanƙarar Tsallaken Kwalbati

A Magama, in ka ce "Mai Ƙanƙara" ba sai ka ƙara suna ba. Direbobin manyan motocin da ke jere a bakin iyaka, da 'yan dako, da 'yan canji, har masu kakin da ke tsaron shinge, kowa ya san Zuwaira ake nufi, matar Rabe, wadda gidanta ne na ƙarshe a layin bayan tasha kafin ka kai kwalbati. Ta haura hamsin, ta aurar da 'ya'yanta, ba ta da gona ba ta da shago. Ban da 'yan tumakin da take kiwo, abin da ta mallaka a duniya shi ne wata babbar firiza fara da kuma wannan suna. Da za a tilasta mata ta rabu da ɗaya, wallahi firizar za ta ce a ɗauka.

Sai taransifomar unguwa ta ƙone. Ba wanda ya yi mamaki, dama ta daɗe tana kuka tana yoyon mai. Aka je kamfanin raba wuta aka faɗa, suka ce suna nan zuwa. Damina ta wuce, aka yi girbi, sanyi ya shigo ya fita, suna nan zuwa. Firizar Zuwaira ta bushe ƙayau, gizo-gizo ya yi saƙa a bayanta.

A wannan tsakanin ne Fatimatu ta fito da sana'a. Matar Arzika ce, wani mutumin Maraɗi da ya zo Magama yana dako, Allah ya buɗa masa ya sayi motar ɗaukar kaya, ya gina gida a tsallaken kwalbati, ƙofarsa na kallon ta Zuwaira. Fatimatu tana da yaya a Ɗan Issa, can ɓangaren Nijar, mai firiza har biyu. Kullum da hantsi sai motar Arzika ta dawo da buhunan ƙanƙara an binne ta cikin garin katako. Fatimatu ta aza kula a zaurenta, kuma direba mai jin ƙishi ba ya tambayar tarihi, inda sanyi yake nan yake nufa.

Ba cinikin kaɗai ke ƙona wa Zuwaira rai ba. Wutar da ake daskarar da wannan ƙanƙara daga ƙasarmu take tafiya, kowa ya sani, mu muke sayar musu. Wato a tsallaka da wutarmu, a mayar da ita dutse, a dawo mana da ita cikin buhu mu saya, mu kuwa muna zaune muna fifita da murfin kwano. Ga yarinyar da bakin gaisuwa. Duk safiya sai ta tsallako ta leƙo ta katanga.

"Tanti, ina kwana? Har yanzu kuran ɗin naku bai zo ba?"

Kuran ita ce wuta a bakinsu, ƙanƙara gilas, firiza kuma firigo. Zuwaira takan amsa da "lahiya lau" a daƙile, ta koma ɗaki tana ƙunƙuni.

"Tanti! Ni tanti ce, an kahwa ni hilin biki? Kuma wai kuran ɗin naku. Ji min ɗiya da iyayi."

Ni dai ban taɓa jin Fatimatu ta faɗi magana marar daɗi ba, kuma tanti a wurinsu girmamawa ce, kamar ka ce inna ko gwaggo. Amma Zuwaira kishi take, kishi mai hana cin abinci. Ko dariya Fatimatu ta yi da mijinta a tsakar gidansu, sai ta ɗauka da ita ake.

Maza kuwa nasu surutun a gindin bedin ƙofar tasha suke yinsa. Rabe tsohon ma'aikacin wuta ne, ya sha hawa falwaya a zamanin da wutar ke hannun gwamnati, aka sallame shi lokacin da aka sayar wa kamfanoni. Tun daga nan yake gyaran fanka da dutsen guga, kuma magana ɗaya ce a bakinsa.

"Tun da anka saida wutar ga ma 'yan kasuwa munka shiga ukku. Da, taransuhoma ta ƙone, mu ka zuwa da motar hukuma mu sauya ta, don ta kowa ce. Yanzu hwa? Sai inda anka ji ƙamshin riba. Gwamnati ta amshe abinta kawai."

Arzika yakan girgiza kai. "Mu can wajenmu kuran na gwamnati na, gaskiya ta. Amma kak ka ɗauka aljanna ta, Malam Rabe. Lokacin zahi ana ɗaukewa mu ma. Ran da kunka yi hushi kunka kashe muna daga nan, ai duhu munka sha."

Sai tsoho Ummaru mai faci ya ɗago daga kan tayar da yake liƙi. "Kai Rabe, ji tsoron Allah. Zamanin naku ma hitilar ƙwai ba ta huta ba."

A yi dariya, a kira salla, a watse. Gobe a dasa daga inda aka tsaya, wuta dai ba ta zo ba.

Da azumi ya ƙarato, ga zafi ya fara buɗe ido, mai unguwa ya ce zaman jiran ya isa. A yi karo-karo a sayi sabuwar taransifoma, tun da haka wasu unguwanni suka yi. Zuwaira ba ta yi shawara da kowa ba, ta sa aka kora tumakin da take kiwo aka kai kasuwar Jibiya. Abin da ta bayar ya fi na kowace mace a layin, ya fi na maza da yawa, kuma ta tabbatar kowa ya ji.

Shi ma Arzika ya kawo tasa gudummawar. Gidajen tsallaken kwalbati sababbi ne, ba a taɓa ja musu wuta ba. Ya ce shi zai sayi sabuwar waya mai kauri a sauya ta layin gaba ɗaya, tun daga gindin taransifoma har ƙarshe, in dai za a ƙara a tsallaka musu da ita. Mutane suka yi ta sa masa albarka. Zuwaira ma da farko ba ta ga aibun abin ba.

Sai ran wata Laraba tana shanya, ta hango motar Arzika ta tsaya, ana sauke wani ƙaton kwali. Aka yage kwalin a ƙofar gida. Firiza ce sabuwa fil, ta fi tata tsawo, ledar jikinta na ƙyalli. Fatimatu na zagaya ta tana shafawa tana cewa a yi a hankali. Zanin da ke hannun Zuwaira ya faɗi ƙasa ba ta sani ba. Ashe yarinyar nan ba za ta tsaya ga sari daga Ɗan Issa ba, a nan za ta zauna ta daskarar, da wutar da aka saya da tumakin Zuwaira!

Rabe na shigowa cin abincin rana ta tare shi tun bai cire takalmi ba.

"Ba ta tsallake kwalbati."

"Wa?"

"Wutar. Mu munka saya, mu ka cewa inda za ta tsaya."

Rabe ya zauna a kan turmi. "Zuwaira, wayar layin ga ta tsuhwa, duk ƙulli ce da tsatsa. Mu ne wutsiyar layi. In ba a sauya ta ba, sai kowa ya sha ya ƙoshi kahin a rage muna. Wayar Arzika mu za ta hi yi ma amhwani."

"Ba kai ka kwana kana tashi da cewa wuta ta koma hannun jama'a ba? To ga ta, ta zama tamu."

"Ta kowa na ce. Ban ce tamu ba."

"Mi ya raba su?"

"Ta kowa, har da Fatimatu."

Zuwaira ta dangwarar masa da kwanon tuwo har miya ta fantsalo. "To ni ban son ta kowa."

Daga ranar ta ɗauki mayafi ta shiga gida-gida. Ba ta ambaci kishi ba, wa zai ambata? Cewa take sabuwar taransifoma ƙarama ce, in aka ɗora mata gidajen tsallake ga sabuwar firiza mai shan wuta, kafin salla za ta ƙone, a koma gidan jiya. Ta ce su baƙin ai suna da kuran ɗinsu can ƙasarsu, in sun matsu su je su sha. Mata suka tsorata, suka faɗa wa mazansu. Da aka zauna a ƙofar mai unguwa, mutanen da suka sa wa Arzika albarka su ne suka ce a bar wayar layi yadda take, wuta ta tsaya a kwalbati. Aka dubi Rabe, tun da shi ya san aikin. Ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi, don ya san gidan da zai koma.

Arzika bai yi musu ba. Ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa ya ce, "Ba komi. Allah shi sa alheri."

Ranar da aka kawo taransifomar kamar ana biki. Mota mai ƙugiya ta ɗaga ta ta aza a mazauninta a bakin layi, yara na ihu, mata na leƙe. Jami'in kamfanin, wani saurayi mai ladabi da hular kwano, ya riƙe hannun mai unguwa da hannu biyu ya ce kamfani ya gode da wannan kyauta.

Mai unguwa ya ce, "Kyauta kuma? Ɗana, saye munka yi."

"Haka ne, Baba. Amma duk abin da aka ɗaura a kan layinmu ya zama na kamfani. Haka tsarin yake. Mu ne za mu riƙa kula da ita."

Aka ɗan yi gunaguni, amma wa zai tsaya jayayya ga wuta na shirin zuwa? Da labarin ya kai wa Zuwaira, cewa ta yi su kira ta da sunan da suka ga dama, in dai ta tsaya a kwalbati. Ta riga ta wanke firizarta tas, ta ƙulla ruwa a leda ta jera har baki.

Aka kunna. Daga bakin layi ihu ya tashi, fankoki suka hau juyi, rediyo ya ɓarke a gida uku lokaci guda. A gidan Zuwaira ƙwan fitila ya kawo ja, kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Ta jona firiza. Firiza ta yi gurnani, ta yi ƙas, ta yi shiru. Can ta sake gurnani, ta sake yin shiru. Zuwaira ta ce sabuwar wuta ce, sai ta saba. Washegari ta ɗaga murfi ta taɓa ledojin, ruwa ne tsamo-tsamo, sanyinsa bai kai na randa ba.

Rabe ya ɗauko tsani ya sauya layi, ya sake sauyawa. Duk ɗaya. Mutanen farkon layi sun yi wata da watanni ba wuta, kowa ya jona abin da ya mallaka, mai guga na guga, mai dafa ruwa na dafawa. Abin da ke biyo tsohuwar waya ya iso wutsiya bai fi na cajin waya ba. Rabe ya sauko daga tsani bai ce "na faɗa miki" ba, ita kuwa ta fi son ya faɗa ta samu abin yi wa masifa.

Ana saura kwana kaɗan a ga wata, motar kamfani ta dawo da sababbin falwayoyi. Zuwaira ta ɗauka gyara aka zo yi musu, har ta fara murna. Sai ta ga an ɗauko waya mai kauri daga gindin taransifoma, an bi da ita sama da tsohuwar, ba ta sauka a gidan kowa ba. Ta wuce gidan mai unguwa, ta wuce masallaci, ta bi ta saman katangar Zuwaira har inuwarta na faɗowa a tsakar gida, ta tsallake kwalbati, ta sauka a bangon Arzika. Wayar nan da ya yi niyyar sa wa layi ce, dama ya riga ya saye ta tun kafin a zauna taro.

Zuwaira ta fito mayafi a hannu, ɗankwali a karkace.

"Wa ya ba ku izini? Taransuhomarmu ce! Tumakina na cikinta!"

Saurayin mai hular kwano ya russuna ya gaishe ta. "Hajiya, ya nemi layin kansa, ya kawo waya, ya sayi mita, aka ba shi. Ke ma in kin kawo naki za a ja miki."

Da me za ta kawo? Garken ya tafi. Ta nufi gidan mai unguwa tana haki, shi kuwa ya buɗe hannuwa ya ce da tasu ce da sun hana, amma ta ji abin da yaron ya faɗa ranar da aka ɗaura ta. Ta dawo gida ta tarar da Rabe tsaye yana kallon wayar, kallon wanda ya san kyakkyawan aiki.

Ya ce, "Da ta gwamnati ce..."

"Da mi? Da ba a ba shi ba?"

"Da an ba shi, an ba mu."

"Ruhe min baki, Rabe."

Aka ɗauki azumi cikin zafin da ke sa kwalta ta yi laushi. Da la'asar direbobi sukan biyo layin bayan tasha da kula a hannu. Waɗanda suka saba sai su fara tsayawa a ƙofar Zuwaira su yi sallama, ta ce babu, su tsallaka. Bayan 'yan kwanaki suka daina tsayawa. Tana zaune a tsakar gida tana jin ƙugin firizar Fatimatu ta cikin katanga, ƙugi mai ɗorewa wanda ba ya yankewa, ita kuwa tata na gurnani tana shiru kamar mai ciwon haƙori. Wata rana ta ji wani ɗan dako a waje ya ce wa abokinsa ya je ya sayo wurin Mai Ƙanƙara, abokin ya ce, "Wace?" Wannan kalma ɗaya ta hana ta shan kunu da aka sha ruwa.

Fatimatu ce ta yi sallama da hantsin wata rana, ta durƙusa a bakin tabarma.

"Tanti, wurinki na zo. Firigo guda ba ya isar mutanen ga, kullum sai na maida wasu hannu sake. Ki kawo naki ki aje zaurenmu, kuran na da ƙarhi, shina ɗaukar biyu. Ki ƙulla abinki, ki saida abinki."

Zuwaira ta dube ta sama da ƙasa tana neman alamar gori ko ɗaya, ba ta samu ba. Da dariya yarinyar ta zo yi mata da ya fi mata sauƙi, da ta san abin da za ta mayar. Ta ji kamar ta shaƙe ta saboda kirkin nan nata.

"Na gode. Wutarmu na nan gyaruwa."

"To Tanti. Zauren dai na nan."

Wuta ba ta gyaru ba. Zuwaira ta kwana biyu tana juya maganar. In ta kai firizarta can, duk layi zai san ta durƙusa wa wadda ta hana wuta. In ba ta kai ba, azumi zai ƙare ba ta sayar da ko ƙulli ɗaya ba, kuma wa zai ci gaba da kiran mace Mai Ƙanƙara alhali ba a taɓa samun ƙanƙara a wurinta? A rana ta uku ta ce wa Rabe ya nemo kurar ɗaukar kaya.

Da rana tsaka aka fito da firizar, don mai kurar ya ce lokacin kaɗai yake da sarari. Aka ɗora ta aka ɗaure da igiya. Tsakanin ƙofa da ƙofa bai fi a yi jifa da dutse ba, amma matan da Zuwaira ta bi gida-gida duk sun fito bakin zaure suna bin kurar da kallo. Tsoho Ummaru mai faci ne kawai, da yake wucewa zuwa masallaci, ya tsaya ya dafa sandarsa.

"A'a! Yau hiriza ta hau kura za ta wurin kuran!"

Wasu suka rufe baki da mayafi. Zuwaira ta bi bayan kurar kanta a sama, ta tsallake kwalbatin da ta ce wuta ba za ta tsallake ba. Aka ajiye firizarta kusa da sabuwar, ta zama kamar uwa tsohuwa a gefen amarya. Arzika ya jona da hannunsa. Firizar ta ɗauka nan take, ƙugi mai daɗi wanda Zuwaira ta yi kusan shekara ba ta ji ba, har sai da idonta ya kawo ruwa, ta juya baya kada a gani.

Ta koma gida ta ɗebo ruwa, ta tace, ta ƙulla da hannunta, ta yi ta jigila tana jerawa. Washegari da la'asar ta ɗaga murfi. Ƙanƙara ta yi fari fat, ta kama juna, sai da ta sa taɓarya ta raba. Tun da take sana'ar ba ta taɓa fitar da mai ƙarfin wannan ba. Ta cika kularta, ta ja ta zuwa bakin zauren Fatimatu, da niyyar ta huta kaɗan ta tsallaka da ita ƙofar gidanta.

Nan Yahya ya same ta, wani dattijon direban Maraɗi da ya fi shekara goma yana sayen ƙanƙara a hannunta. Motarsa ta daɗe ba ta biyo ta Magama ba, ranar ya iso, aka ce masa yanzu Mai Ƙanƙara a tsallaken kwalbati take. Ya gaishe ta da fara'a, ya tambayi Malam Rabe da yara, sannan ya sa hannu a kular ya ɗauko ƙulli ɗaya. Ya ƙwanƙwasa shi a jikin ƙofar ƙarfe, ƙofar ta amsa.

"Kai! Wanga shi na gilas!" Ya juya shi a hannu yana murmushi. "Hajiya Zuwaira, ashe ke ma sari kike wurin Mai Ƙanƙara? Wallahi kin yi dubara. Taki ta da, kak ki ji haushi, kahin a kira salla ta zama ruwa."

Zuwaira ta buɗe baki za ta ce tata ce, ita ta ƙulla, daga firizarta ta fito. Sai ta ga inda take tsaye, a zauren wa, ƙarƙashin wayar wa. Daga cikin gida Fatimatu na kiran a miƙo mata leda, wasu direbobi biyu sun riga sun wuce ta sun shiga ciki ba su ko dube ta ba. Ta haɗiye maganar, ta gyara murfin kular.

Ta ce, "Guda nawa za a ba ka?"